Keken da Giyarsa Ta Ƙi Zama: Nazarin Wata Matsala a Sakkwato

Mai keken da kekensa, Yuli zuwa Disamba 2023

Mai wannan keke malamin firamare ne, magidanci, mazaunin Arkilla a Sakkwato. Makarantarsa tana ɗaya gefen gari, kilomita 8 zuwa, 8 dawowa, kamar yadda wayarsa ta auna masa. Da babur yake zuwa aiki har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ya daure wata guda, ya ga albashi ba zai ɗauka ba, kuɗin kabu-kabu ma ya bi sahu. A watan Yuli ya jingine babur a zaure, ya sayi keken gwanjo.

Keken irin na hawa tudu ne, firam na ƙarfe, taya inci 26, giya uku a gaba, bakwai a baya. Na'urar da ke sauya giyar baya ƙirar Shimano ce, samfurin Tourney, wanda aka fi gani a kekuna masu sauƙin kuɗi. A nan za mu riƙa ce mata macanji, don a huta da dogon suna. Sifoket bakwai na baya, wato faifan nan masu haƙora da sarƙa ke hawa, haƙoransu 28, 24, 22, 20, 18, 16 da 14. Lamba 1 a hannun giya ita ce babbar, lamba 7 ita ce ƙaramar.

Aikin macanji ba shi da wani asiri. Rataye yake a jikin wani ɗan kunnen ƙarfe da ya leƙo daga firam, dab da inda aka ɗaure tayar baya. Sarƙa tana ratsa 'yan wili biyu na roba da ke jikinsa, na sama da na ƙasa. In aka ja wayar giya, macanji ya matsa ciki ya ɗora sarƙa kan babbar sifoket. In aka saki waya, sifirin ya dawo da shi waje wajen ƙananan. Kowace ƙas da hannun giya ya yi, macanji yakan matsa milimita 5, wato tazarar da ke tsakanin sifoket da 'yar'uwarta a keke mai giya bakwai. Kamfanin Shimano ne ya yaɗa wannan tsari na ƙas-ƙas daga 1984. Kafin nan da kunne da yatsa mahayi yake laluben giya, in ta ɗan kauce ya gyara yana tafe. Ƙas-ƙas ya kawo sauƙi, amma ba ya yafiya: kaucewar milimita 2 ta isa ta sa sarƙa surutu.

Wata shida keken bai ba shi wahala ba, ban da faci. Hanyarsa ba ta da tudu mai yawa, don haka kusan kullum a lamba 5 da 6 yake zaune. Bai taɓa wanke sarƙa ba.

Farkon matsalar, 6 zuwa 12 ga Janairu 2024

Ranar Asabar 6 ga Janairu, ragon da aka turke a gidan ya tsinke igiya, ya bangaje keken da ke jingine a zaure. Ta dama ya faɗi, ɓangaren sarƙa. Yara suka ɗaga shi, malam ya duba sitiyari da feda bai ga komai ba, ya manta da zancen.

Litinin aka koma makaranta. Hunturu ya kankama, iskar arewa maso gabas tana dukansa a ƙirji duk safiya, dole ya sauko lamba 3 da 4, wani lokaci har 2. A nan ya fara jin ƙyas-ƙyas daga baya. In yana lamba 3, sarƙa tana gogar gefen lamba 2 kamar mai shirin hawa, wani sa'in ma ta hau ba a sa ta ba. In ya danna daga 2 zuwa 3 kuwa sai ta yi nawa, sai ya danna biyu ya dawo ɗaya kafin ta zauna. A lamba 6 da 7 shiru kake ji.

Da rana, in ya taso, iska tana bayansa, yana lamba 6, babu ƙara. Wannan ya sa ya ɗauka sanyin safiya ne ke daskarar da man sarƙa.

Gwaji na farko: baƙin mai, 13 ga Janairu

Ya samo baƙin mai da aka juye daga janareto, ya kwarara wa sarƙa da macanji har yana ɗiga. Kwana biyu ƙarar ta lafa, don mai mai kauri yakan danne surutun ƙarfe. Giyar dai ba ta daina hawa da kanta ba.

Zuwa Alhamis, ƙurar hunturu ta manne a jikin man ta zama baƙin kwaɓi. 'Yan wilin roba suka cushe har haƙoransu ba sa ganuwa, na ƙasan yana juyawa da ƙyar. Ƙarar ta dawo, ta kuma zo da sabon sauti, wani ɗan gurnani kamar ana niƙa. Niƙan ake yi kuwa. Yashi da mai in suka haɗu a cikin gaɓoɓin sarƙa, aikin dutsen wasa wuƙa suke yi.

Gwaji na biyu: sukurori biyu, 20 zuwa 23 ga Janairu

Wani abokin aikinsa ya ce masa ai giya da sukurori ake saita ta, ga su can guda biyu a bayan macanji, ɗaya an rubuta H, ɗaya L. Ranar Asabar malam ya kifa keken, ya ɗauki sukurdireba. Ya ɗaure H zagaye biyu, bai ji canji a lamba 3 ba. Ya kwance L zagaye uku, nan ma shiru. Ya bar su a haka, yana ganin tunda ba su gyara ba, ba su kuma ɓata ba.

Sukurorin nan shinge ne kawai. H yana tsayar da macanji kada ya zarce ƙaramar sifoket ya jefa sarƙa tsakaninta da firam. L yana tsayar da shi kada ya zarce babbar ya shiga cikin tsinkayen taya. Duk abin da ke faruwa tsakanin lamba 2 da lamba 6 babu ruwansu da shi, ko za a kwana ana juya su. Malam ya matso da shingen waje, ya kuma buɗe na ciki.

Litinin ya ga lamba 7 ta ƙi shiga. Talata 23 ga wata, wajen Gawon Nama, iska ta yi ƙarfi ya danna lamba 1. Sarƙa ta tsallake babbar sifoket ta faɗa tsakaninta da tsinkayen taya, tayar baya ta cije. Allah ya taƙaita, a hankali yake tafiya, ya dire ƙafa. Faifan robar da ake sawa a wurin don kare tsinkaye ba ya jikin keken tun ran da aka saye shi. Tsinke biyu suka samu mummunan karce, taya ta ɗan yi rawa. Ranar da tura keke ya isa makaranta, an riga an tashi daga asambuli.

Gwaji na uku: sabuwar waya, 24 ga Janairu

Wannan karon ya kai wa wani mai gyaran keke a bakin titi. Mai gyaran ya ɗaure L ya kwance H da kimantawa, ya daidaita rawar taya, sannan ya zare wayar giya ya nuna masa. Ba ƙarya ya yi ba: silin waya uku sun tsinke kusa da hannun giya, ƙarshenta kuma, inda ta shiga ɗan lanƙwasasshen kuben da ke kaiwa ga macanji, wato bututun da waya ke bi ta cikinsa, ta yi tsatsa tun damina, ƙura ta zo ta ɗaure ta. Waya irin wannan takan ja da ƙyar, amma wajen saki ne ta fi cuta, don sifirin macanji ba shi da ƙarfin yatsan mutum. Wani kaso na nawar da giyar ke yi daga babba zuwa ƙarama daga nan yake.

Mai gyaran ya sa sabuwar waya ta giya, mai kaurin milimita 1.2. Kube ne ba shi da shi, sai ya yanko na birki ya sa a baya. A ido kusan ɗaya suke, a ciki ba haka ba ne. Kuben birki, mai kaurin milimita 5, ƙarfensa naɗaɗɗe ne kamar sifirin, yakan ɗan matse in an ja waya. Na giya, wanda galibi milimita 4 ne, siraran ƙarafa ne miƙe a tsawonsa, tsayinsa ba ya canzawa. Birki bai damu da wannan ɗan matsewa ba. Giyar ƙas-ƙas ta damu.

Duk da haka an samu sauƙi. Lamba 7 ta dawo, saukowa zuwa ƙananan sifoket ta yi sauri. Ƙyas-ƙyas na lamba 2 da 3 yana nan inda yake.

Gwaji na huɗu: majuyi da littafin rubutu, 27 da 28 ga Janairu

A inda kube ya shiga macanji akwai wani ɗan maɗauri mai gurbi-gurbi da ake juyawa da yatsa. Majuyi za mu ce masa. Shi ne ainihin abin da ke saita giyoyin tsakiya. In aka kwance shi, waya ta ƙara tsauri, macanji ya ɗan matsa wajen manyan sifoket. In aka ɗaure shi, waya ta saki, macanji ya matsa wajen ƙanana. Mai gyaran ne ya nuna masa.

Malam ya rataye keken ta sirdi da igiya a reshen dogon yaro na tsakar gida, ya sa ɗan yayarsa, yaro ɗan aji biyu na sakandare, yana juya feda da hannu. Ya ɗauko tsohon littafin shirya darasi, yana juya majuyi kwata-kwata na zagaye, kowane juyi ya bi giya bakwai sama da ƙasa ya rubuta wadda ta yi shiru da wadda ta yi ƙara. Halin malanta ne, kuma shi ya cece shi daga baya.

Abin da shafin ya nuna a fili yake. In ya ɗaure majuyi zagaye ɗaya cif, lamba 1, 2 da 3 sukan yi tsit, amma daga 7 zuwa 6 da daga 6 zuwa 5 sarƙa ba ta hawa da ƙas ɗaya. In ya mayar da shi inda yake, 5, 6 da 7 lafiya lau, 2 da 3 su koma surutu. In ya tsaya tsakiya, kowace giya ta samu rabonta na ƙara. Gajeren mayafi ne a daren hunturu, ka rufe kai ƙafa ta fito. Kwana biyu ya yi a kai, ya rubuta a ƙasan shafi cewa macanjin ne ya mutu.

Gwaji na biyar: sabon macanji, 3 ga Fabrairu

Da aka yi albashi ya shiga babbar kasuwa ya sayo sabon macanji na giya bakwai, wanda ya dace da hannun giyar Shimano da ke kan keken. A nan ya yi dace, don ba kowane macanji ne ke tafiya da kowane hannu ba. Akwai na SRAM da ke buƙatar a ja waya fiye da yadda hannun Shimano ke ja, in aka haɗa su ba za su taɓa jituwa ba. Ya kwance tsohon da alanki mai lamba 5, ya ɗaura sabon, ya maimaita gwajin littafi.

Shafin ya fito sak irin na makon jiya. Wannan ne gwaji mafi tsada, kuma babu abin da ya canza ko na ƙas ɗaya.

Idon tsoho, 9 ga Fabrairu

Bayan sallar Juma'a ya biya gaida kawunsa a cikin gari. Tsohon ya yi shekaru yana gyaran Raleigh da Phoenix kusa da Tsohuwar Kasuwa, har ciwon ƙugu ya hana shi tsugunno. Kekunan zamaninsa sifoket ɗaya gare su, bai taɓa saita giya ba a rayuwarsa. Malam ya ba shi labari don hira kawai.

Tsohon ya ce a tsayar masa da keken a ƙofar zaure. Bai taɓa komai ba. Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna bayan keken kamar taku uku, ya rufe ido ɗaya.

"Ni ban san giya ba, ɗana," in ji shi, "amma na san karkace. Taho ka gani. Wanga ƙarhe ba tsaye shike ba. Keken ga ya taɓa hwaɗuwa?"

"Awo, Kawu, rago ya taɓa kada shi. Amma ba abin da ya same shi."

"Kai ne ba ka gani ba."

Malam ya durƙusa inda tsohon ya nuna. Daga nan, sifoket suna tsaye cak kamar faranti a jere, amma 'yan wilin roba biyu ba sa kan layi ɗaya da su. Na ƙasan ya shige ciki wajen taya. Macanjin sabo ne ful, ba shi ya lanƙwashe ba. Kunnen da ya rataya a jiki ne.

Awo da miƙarwa, 10 ga Fabrairu

Masu manyan shagunan keke suna da wani dogon ma'auni da ake ɗaurawa a ramin kunnen, a zagaya shi jikin rim a ga ko kunne da taya suna kallon wuri ɗaya. Malam ba shi da shi, bai kuma san mai shi ba. Amma ramin kunnen mai zare ne irin na noti, faɗinsa milimita 10, tazarar zare da zare milimita 1, kuma irin wannan zaren ne a aksil ɗin tayoyin baya masu maɗaurin hannu, waɗanda ake cirewa ba da sifana ba. Wani maƙwabci yana da keke mai irin wannan taya, ya ara masa. Ba kowace taya ce za ta yi ba. Masu noti na kekunan kasuwa da yawa zarensu na inci ne, in aka tilasta su sai su cinye zaren kunnen, a shiga wata sabuwar matsalar.

Da farko ya tabbatar tayar kekensa ta zauna daidai a mazauninta, notuna a ɗaure. Ya cire macanji, ya murɗa aksil ɗin tayar aro cikin ramin da hannu har ya kama. Yanzu taya biyu ne gefe da gefe. In kunne a miƙe yake, tazarar rim da rim za ta zama ɗaya ta kowane ɓangare. Saboda tayarsa tana da sauran rawa tun abin da ya faru a Gawon Nama, kawun ya aiko masa da shawara ta bakin yaro: ya riƙa juyo bawul zuwa duk inda zai auna, a duka tayoyin, don ya zama wuri guda ake aunawa kullum.

Gaba da baya bambancin milimita 4 ne. Sama da ƙasa kuwa milimita 22, ƙasan ya fi kusa. Masu ma'auni kan so bambancin kada ya wuce milimita 4.

Lissafin ya bayyana abin da littafin darasi ya kasa fassarawa. Faɗin rim na inci 26 milimita 559 ne, karkacewar milimita 22 a kansa kuwa kusan kashi 4 cikin 100 ke nan. Gwargwadon nisan abu daga ramin kunnen, gwargwadon kaucewarsa. A ƙananan sifoket, ɗan wilin sama yana kusa da ramin, kaucewar ba ta da yawa, majuyi yana iya ɓoye ta. A manyan sifoket wilin yakan sauka ƙasa ya yi nisa, kaucewar ta doshi milimita 3, fiye da rabin tazarar giya guda. Majuyi yana matsar da giya bakwai gaba ɗaya, gwargwado ɗaya. Ba shi da hanyar gyara kuskuren da ya ƙanƙanta a wannan gefe ya girma a wancan.

Ya cire tayar aro, ya ɗaura sifana mai buɗe baki a faɗin kunnen har ta rufe ramin duka, tayarsa tana ɗaure a wurinta don kada mazaunin ya buɗe. Ya ja waje a hankali, ya sake awo: 11. Ya ƙara: 5. Karo na uku ɗan taɓi kawai ya yi: 3. Ya tsaya a nan.

Sa'arsa firam ɗin na ƙarfe ne, ƙarfe yana jure a lanƙwasa shi a miƙar. Kekunan alminiyam kunnensu daban ake ɗaura shi da ƙananan sukurori, an yi shi da gangan ya zama shi ne mai rauni, ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam. Irinsa yakan jure miƙarwa kaɗan, in an matsa ya tsage, siffofinsa kuma suna da yawa ƙwarai, samun wanda ya dace da keken gwanjo ba ƙaramin yawo ba ne.

Saiti daga tushe, yammacin ranar

Kafin ya mayar da macanji ya wanke sarƙa da 'yan wilin roba da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya bar su suka bushe. Ya cire kuben birkin nan, ya sa na giya da ya samo daga wani mataccen keke, mai tsawon da zai lanƙwasa ba tare da ya karye ba.

Bai ɗaura waya ba tukuna. Ya fara da H, yana juyawa har ɗan wilin sama ya tsaya ƙarƙashin ƙaramar sifoket. Sai ya tura macanji ciki da babban yatsa, yaron yana juya feda, ya saita L har sarƙa tana hawa mai haƙori 28 amma ba ta iya wuce ta ko ya danna da ƙarfi. Sannan ya mayar da hannun giya lamba 7, ya ɗaure majuyi ya dawo da shi zagaye biyu don ya samu wurin motsi ta kowane gefe, ya ja waya da filaya daidai misali, ya ɗaure ta a gurbinta. Ya danna ƙas ɗaya, sarƙa ta yi jinkirin hawa lamba 6. Ya kwance majuyi kwata, ya ƙara kwata, ta hau tsaf. Sabon macanjin yana da sukuru na uku, B, wanda ke saita nisan wilin sama da haƙoran sifoket. A lamba 1 ya bar tazarar kamar milimita 6.

Giya bakwai suka shiga sama da ƙasa, kowace da ƙas ɗaya. Saitin bai kai minti 20 ba.

Tsallen da ya rage, 12 ga Fabrairu zuwa 2 ga Maris

A kan reshen dogon yaro komai lafiya. A kan titi, in ya tashi daga tsayuwa ya taka feda da ƙarfi a lamba 5 ko 6, sai ya ji ƙwas, feda ta zame gaba kamar rabin taku. Wannan ba irin na da ba ne. Da, sarƙa gefe take zuwa, tana neman wata sifoket. Yanzu a kan sifoket ɗinta take tsallake haƙori. Ya ce tun Disamba yakan ji haka jefi-jefi, hayaniyar ɗaya matsalar ce ta rufe wannan.

Ya ɗauko rula ta aji. Tsakanin ƙusar sarƙa da mai bi mata rabin inci ne, don haka in aka ɗora sifilin rula a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa tsakiyar wata, in sarƙar sabuwa ce. Tasa ta wuce alamar da kashi ɗaya cikin takwas na inci. Ƙarin tsawon kashi 1 cikin 100 ke nan. A keke mai giya bakwai, ana son a canza sarƙa tun ƙarin yana kashi 0.75 cikin 100. Sarƙa ba miƙewa take yi kamar roba ba, ƙusoshinta ne ke cinyewa, kuma in ta yi tsawo sai ta shiga cin haƙoran sifoket har su ɗauki siffarta.

Ranar 17 ga Fabrairu ya je sayen sarƙa. Wadda aka fara miƙo masa ta kekuna marasa giya ce, mai faɗin kashi ɗaya cikin takwas na inci, ba za ta shiga tsakanin sifoket bakwai ba. Ya nemi siririyar, wadda aka rubuta wa giya 6, 7 da 8 a kwali. Wajen yanke tsawo bai bi tsohuwar ba. Ya zagaya sabuwar a babbar sifoket ta gaba da babbar ta baya ba tare da ta ratsa macanji ba, ya ƙara inci ɗaya, ya yanke.

Tsallen ya ƙaru. A lamba 5 da 6 ko ɗan taki ya yi sai ta zame, a sauran biyar ɗin kuwa babu komai. Haƙoran waɗannan biyun sun riga sun cinye sun saba da doguwar sarƙa, sabuwa ba ta zama a cikinsu. Mako biyu ya yi yana tafiya a lamba 4 da 7 yana jiran albashi. Ranar 2 ga Maris ya sayi sabon firiwil, wato tarin sifoket bakwai ɗin na baya gaba ɗaya, mai haƙora irin na da. Wannan aikin kaɗai ne bai yiwu a gida ba, don kwance firiwil sai da makullinsa mai tsaga-tsaga, ga kuma taurin da taka feda ta yi masa shekara da shekaru. Mai gyaran bakin titi ne ya cire ya ɗaura. Majuyi ya buƙaci kwata ɗaya, tsalle ya ɗauke.

Bayan gyara, Maris zuwa Oktoba 2024

Azumi ya kama ranar Litinin 11 ga Maris, zafin bazara ya shigo, malam ya ci gaba da kilomita 16 a kullum. A mako na biyu giya ta ɗan yi nawar hawa, kube ya gama zama a mazauninsa, ya kwance majuyi rabin zagaye. Bai sake taɓa H ko L ba.

Duk Asabar yakan goge sarƙa da tsumma, in ta bushe ya ɗiga man keken ɗinki a kowace gaɓa, ya juya feda, ya sake goge na waje tas. Da damina ya riƙa yi sau biyu a mako. Keken ya bar zaure, ya koma ɗaki, kuma ɓangaren sarƙa ba ya taɓa bango. A ƙarshen Oktoba rula ta nuna sarƙar ba ta kai rabin lalacewar tsohuwar ba.

Hukunci

Cuta uku ce ta haɗu a keke ɗaya, kowace da alamarta. Karkataccen kunne shi ya sa giya ta zauna a wani gefe ta ƙi zama a wani. Faɗuwar 6 ga Janairu ce ta jawo shi, kuma mai yiwuwa cijewar da sarƙa ta yi ranar 23 ta ƙara masa. Matacciyar waya ita ta sa nawar saukowa. Cinyayyar sarƙa da sifoket biyu su suka sa tsalle in an taka da ƙarfi. Ta farkon ce babba, ita ce kuma ba ta ci ko kwabo ba.

A ganina ba rashin ƙoƙari ne ya ja lamarin ya kai mako takwas ba. Daga sukurori aka fara, alhali su ne na ƙarshe. Saiti yana aiki ne a kan abin da yake miƙe, mai tsabta, wanda bai cinye ba. Da an tsaya bayan keken an duba tun makon farko, sannan waya, sannan rula a kan sarƙa, da ba a kai ga karce tsinkaye ba. Mai gyaran bakin titi ba shi da babban laifi. Ya ga cuta ta gaske ya magance ta, sai dai ba a gaya masa keken ya faɗi ba, shi ma bai tambaya ba. Kuben birkin ne kuskurensa. Baƙin mai kuwa ba shi ya fara cinye sarƙar ba, tsohuwa ce tun daga gwanjo, amma a hunturun Sakkwato ya gaggauta mata.

Shafin 27 da 28 ga Janairu ya riga ya ƙunshi amsar. Duk giyar da majuyi ke gyara rabinta ya ɓata rabi, kunne za a fara zargi kafin macanji. Malam ya auna daidai, fassarar ce ta kuɓuce masa, ta kuma ci masa kuɗin sabon macanji. Tsohon da ya cire yana nan lafiyarsa ƙalau. An wanke shi da kananzir an ɗaura a keken ɗan yayarsa, da shi yaron yake zuwa makaranta. Tsinkaye biyun da sarƙa ta karce har yanzu suna jikin tayar malam, ya ce sai ranar da za a sake cire firiwil zai canza su.